Tun Yana Ɗanye: Gwanintar Masu Fitar da Kaitosan da Ƙananan Halittu

Duk wanda ya taɓa sayen soyayyiyar fara a bakin hanya a Maiduguri ko Maraɗi ya san ɗan ɓawon nan mai ƙaras-ƙaras, wanda komai tauna sai guntunsa ya maƙale a haƙori. Abin da ya ba shi wannan tauri shi ne ke jikin kaguwa da jatan lande da fiffiken buzuzu, shi ne kuma ke riƙe da jikin naman kaza da funfunar da ke fesowa a kan burodi idan ya kwana biyu. Masana suna ce masa kaitin. In ka ɗauke zaren da ke jikin itace da auduga, babu wani zare da halittun Allah ke saƙawa da yawa kamarsa, a tudu da cikin teku.

Sai dai kaitin yana da taurin kai. Ruwa ba ya narkar da shi, ruwan khal ma haka yake barinsa. Amma da zarar an raba shi da wani ɗan ƙaramin abu da ke manne a jikinsa, sai ya sake hali ya zama kaitosan, wanda ke narkewa a ruwa mai ɗan tsami. Da kaitosan ake yin bandejin da ke tsayar da jini, irin wanda sojojin Amurka suka riƙa ɗauka zuwa fagen fama tun farkon shekarun 2000. Da shi ake kwantar da dauɗa a ruwa, aikin da ya sa Japan ta fara sarrafa shi da yawa a farkon shekarun 1970. Ana kuma shafa shi a jikin 'ya'yan itatuwa don su daɗe, ana fesa wa shuka don ta ƙara ƙarfin kare kanta.

Akasarin masana'antu da wuta da soda mai ƙuna suke fitar da shi. Akwai kuwa waɗansu masana da suka ɗauki wata hanya daban. Sun zauna sun karanci halin bakteriya da funfuna, suka koyi yadda ake ba su aikin su yi. Gwanintar waɗannan mutane ta cancanci a tsaya a dube ta da kyau, musamman a wajenmu, mu da muka tashi a gidajen da ake yin kindirmo da daddawa.

Carbi mai huluna

Ka ɗauka kaitin wani dogon carbi ne mai dubban 'ya'ya. Kowane ɗa sukari ne dangin gulukos, kowanne kuma sanye yake da 'yar hula da ake kira asetil. Hulunan nan ne ke taimaka wa carbi ya rungumi ɗan'uwansa, su jeru layi-layi, su matse har ruwa ya rasa ƙofar shiga. A ƙarƙashin kowace hula akwai wani ɗan hannu mai sinadarin naitirojin. In aka tuɓe hular, hannun ya fito fili, to a cikin ruwa mai tsami sai ya ɗauki cajin lantarki. Laka a cikin ruwa, da jajayen ƙwayoyin jini, da fatar bakteriya, duk kishiyar wannan caji suke ɗauke da shi, shi ya sa kaitosan ke fizgo su kamar maganaɗisu. Da irin wannan dabarar ce 'ya'yan zogale ke kwantar da laka a randa. Idan an tuɓe fiye da rabin hulunan, an samu kaitosan. Wanda ake sayarwa a kasuwa galibi an tuɓe masa kashi 70 zuwa 95 cikin ɗari.

Henri Braconnot, shugaban lambun nazarin tsirrai na birnin Nancy a Faransa, shi ya fara ware wannan zare daga naman kaza a shekarar 1811. A 1823 Auguste Odier ya same shi a ɓawon ƙwari, ya raɗa masa suna daga kalmar Girkanci mai nufin riga. A 1859 Charles Rouget ya dafa shi cikin wani sinadari dangin ruwan toka, amma wanda ya fi shi zafi nesa ba kusa ba, sai ya ga abin da ya fito yana narkewa a ruwa mai tsami. Felix Hoppe-Seyler ne ya sa wa sabon abin suna kaitosan a 1894.

Har gobe akasarin masana'antu a kan sawun Rouget suke. Ɓawon jatan lande abu uku ne a cakuɗe: kaitin, da furotin, da wani farin dutse irin na ɓawon ƙwai. Ana narkar da dutsen da asid mai ƙarfi, a cinye furotin da soda, sannan a dafa abin da ya rage cikin soda mai kauri, kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari, a zafin da ya kai digiri 100 ko fiye, don hulunan su zube. Hanyar tana da sauri da araha, amma ƙarfi ba ya tantancewa. Carbin yakan tsintsinke a inda ba a so. Tukunyar yau takan bambanta da ta jiya. Furotin da jan launin da ke cikin ɓawon, waɗanda su ma dukiya ne, sukan lalace. Sai kuma ruwa mai ɗimbin yawa da ake wanke soda da asid da shi, wanda dole a nemi inda za a kai shi. Wani rubutu da mujallar Nature ta buga a 2015 ya ƙiyasta cewa ɓawon kaguwa da jatan lande da danginsu da ake zubarwa a duniya duk shekara ya kai tan miliyan 6 zuwa 8. Kusan rabin nauyin jatan lande kai ne da ɓawo.

Mai haƙuri da dutse

Matakin farko na sabuwar hanyar shi ne raba kaitin da dutse da furotin ba tare da asid na kwalba ba, kuma duk macen da ta iya kindirmo za ta gane shi nan take. Ana niƙa kawuna da ɓawon tun suna sabo, a zuba musu sukari ko baƙin ruwan raken da ke saura a masana'antar sukari, kimanin kashi ɗaya cikin goma na nauyinsu. Sai a sa iri, wato bakteriya masu tsamar da nono, irin su Lactobacillus plantarum, kamar dai yadda ake zuba ragowar kindirmon jiya a madarar yau. A rufe, a ajiye a ɗumin da bai wuce na jikin mutum ba.

Daga nan tsere ya fara. Jatan lande abu ne mai saurin ruɓa, kuma ƙwayoyin da ke ruɓar da shi suna nan a jikinsa tun daga teku. Dole bakteriyar da aka zuba su rigaye su, su cinye sukarin su mai da shi asid ɗin nono, tsamin ya sauko da sauri tun a ranar farko. Matsalar ita ce dutsen da ke cikin ɓawon yana shanye tsamin da zarar ya fito. In sukari ya yi kaɗan, tsami ba zai kankama ba, tukunya ta yi ɗoyi, aiki ya ɓaci. In ya yi yawa kuma, an yi asarar kuɗi. Gwani yana auna tsamin a kai a kai, yana so ya ga ma'aunin, wanda ke sauka idan tsami ya ƙaru, ya kai wajen 4, amma tun kafin ya duba na'ura hancinsa ya gaya masa. Tukunyar da ta kama hanya ƙamshin tsami take yi irin na kamu.

Wanda ya taɓa matsa lemun tsami a kan ɓawon ƙwai ya ga ƙananan kumfa suna tasowa. Abin da ke faruwa ke nan a cikin tukunyar, a hankali, har kusan mako guda. Dutsen yana narkewa yana komawa gishirin kalshiyam. A lokaci guda kuma, sinadaran narkar da abinci da ke cikin kan jatan landen kansa suna ta yanka furotin yana zama ruwa. Waɗannan sinadarai su ake kira enzayim, wato 'yan ma'aikatan da kowace halitta ke ƙerawa a jikinta, kowanne da aiki ɗaya tak da ya iya. A ƙarshe sai a tace. Tsakin da ya rage kaitin ne mai dogon zare wanda bai sha wuya ba. Romon kuwa ja ne, cike da furotin da launin nan da ake kira astazantin, wanda ke da tsada a wajen masu haɗa abincin kifi da na kaji. Mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa, kuma a nan maganar ta tabbata ƙarara.

Keiko Shirai da abokan aikinta a jami'ar Autónoma Metropolitana ta birnin Meksiko sun shafe shekaru suna gyara wannan hanya, tun daga ƙaramar kwalba har zuwa manyan tankuna. Wasu masanan kuma sukan biyo da zagaye na biyu don share sauran furotin, su sa Bacillus subtilis ko ɗan'uwansa Bacillus licheniformis. Shi Bacillus subtilis ɗin nan ba baƙo ba ne a gidajenmu. Shi ne ke aiki a cikin dafaffiyar kalwa idan an rufe ta kwana biyu ko uku, ya farfasa furotin ɗinta ta zama daddawa. Akwai kuma masu amfani da enzayim ɗin da ke cikin ƙaron ɗanyar gwanda, wanda ke sa nama laushi.

Asirin funfuna

Duk wannan share fage ne, don har yanzu carbin yana sanye da hulunansa. Tambayar ita ce: akwai halittar da ta iya tuɓe hula ba da wuta ba?

Tun a 1929 wani matashin ɗalibi a Zurich, Albert Hofmann, ya nuna a binciken digirinsa a ƙarƙashin Paul Karrer cewa ruwan cikin dodon koɗi yana iya narkar da kaitin. Amma wannan tsinka carbi ne. Mai tuɓe hula sai a 1974 aka gano shi, lokacin da Araki da Ito a Japan suka same shi a jikin wata funfuna mai suna Mucor rouxii. Dama an san cewa wajen kashi ɗaya cikin uku na bangon ƙwayoyin wannan funfuna kaitosan ne, wanda take yi da kanta a cikin ɗumi da laima. A 1993 Kafetzopoulos da Martinou da Bouriotis a tsibirin Crete na ƙasar Girka suka tsarkake enzayim ɗin suka bayyana halayensa. Sunansa kaitin diyasetiles, wato mai cire wa kaitin asetil.

Aikinsa abin kallo ne. A jikinsa akwai wani ɗan kwari da carbin ke kwanciya a ciki. A ƙasan kwarin akwai ƙwayar ƙarfe guda, galibi zinki, riƙe da ƙwayar ruwa ɗaya. Idan ɗan carbi ya zauna daidai, sai enzayim ya yi amfani da wannan ruwa ya ɓalle mahaɗin da ke tsakanin hula da kai. Hula ta faɗi ta zama asid irin na ruwan khal, carbi bai tsinke ba, enzayim ya matsa gaba. Na Mucor ba ya kama aiki sai carbin ya kai 'ya'ya huɗu, kuma idan asid ɗin da yake saki ya taru sai ya rage masa kuzari. Wata funfunar mai cutar da wake, Colletotrichum lindemuthianum, nata enzayim ɗin ba ya jin wannan. Ita kuma ɓad-da-kama take yi da shi. Shuka tana gane maƙiyi ta ƙanshin kaitin, sai funfunar ta tuɓe hulunan jikinta ta shiga ba a gane ta ba.

Da aka samu wannan enzayim an zaci magana ta ƙare. Sai aka zuba shi a kan garin ɓawon kaguwa, ya ɗan lashi bayansa kawai ya tsaya. Carbunan sun matse, kwarin enzayim ya rasa inda zai kama. To yaya funfuna take yi? Davis da Bartnicki-Garcia ne suka warware wannan a 1984. Ashe enzayim biyu ne ke aiki kafaɗa da kafaɗa. Ɗaya yana zura 'ya'yan carbi, ɗayan yana tsaye a bakin ƙofa yana tuɓe huluna tun zaren yana sabo, kafin ya haɗu da 'yan'uwansa ya sandare. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Duk ƙoƙarin da masana suka yi daga baya, a kan wannan darasi ya ginu.

Hanyoyi uku

Masu bin hanya ta farko suka ce, tun da funfuna ta riga ta iya, a yi kiwonta kawai. Ana renon Mucor ko Rhizopus ko Cunninghamella a cikin tanki da ruwan sukari, ko ragowar amfanin gona, na 'yan kwanaki. Sai a tace curin da ya taru kamar auduga, a wanke furotin da soda mai sauƙi, a jiƙa shi da ruwan khal mai ɗumi, kaitosan ya fito. Babu dutsen da za a narkar, babu jiran kakar kamun jatan lande, kuma waɗanda jikinsu ba ya karɓar abincin teku ba su da abin tsoro. A nan ma lokaci shi ne komai. Ana girbi ne daidai sa'ad da funfunar ke dab da gama tashenta. In aka bari ta tsufa, kaitosan ɗin yakan sarƙe da sauran kayan bangonta ya ƙi fitowa.

Masu hanya ta biyu suka ce a mai da busasshen icce ɗanye. Wasu suna niƙa kaitin har layukansa su warwatse, wasu suna narkar da shi su sake daskarar da shi ya fito sako-sako. A 2010 Gustav Vaaje-Kolstad da Vincent Eijsink da abokan aikinsu a garin Ås na ƙasar Nowe suka bayyana a mujallar Science cewa bakteriyar Serratia marcescens tana da wani enzayim mai faffaɗar fuska, wanda ke kwanciya a kan matsattsen kaitin ya yi amfani da iskar oksijin ya sare zaren daga sama. Daga baya aka tabbatar ƙwayar jan ƙarfe ce makaminsa. Shi ne mai sassabe. Idan ya buɗe fili, sauran enzayim sai su samu bakin zaren da za su kama.

Hanya ta uku ita ce ta fi ba ni sha'awa, kuma tushenta yana gonar kowane manomin wake. Ka tuge wake ka dubi saiwarsa, za ka ga ƙananan ƙuraje. Gidajen bakteriya ne masu kamo naitirojin daga iska su ciyar da shukar, shi ya sa wake ke gyara ƙasa. Kafin shuka ta buɗe musu ƙofa sai sun yi sallama, kuma a 1990 masana a Toulouse suka gano cewa sallamar ɗan guntun kaitin ne mai 'ya'ya huɗu ko biyar, wanda aka tuɓe wa hula ɗaya tak a ƙarshen layi, aka ɗaura masa jelar kitse a gurbinta. Enzayim ɗin da ke tuɓe wannan hula, mai suna NodB, ba ya taɓa ta biyu. Na bakteriyar kwalara kuwa, Vibrio cholerae, ta biyu kawai yake tuɓewa. A 1997 Eric Samain da abokan aikinsa a Grenoble suka dasa ƙwayoyin gadon waɗannan bakteriyar saiwa a cikin wata bakteriya mai suna E. coli, ta riƙa ƙera gajerun carbuna daga abinci mai sauƙi, ba tare da ɓawon komai ba.

Bruno Moerschbacher da ɗalibansa a jami'ar Münster ta Jamus sun kai abin wani matsayi. Ɗauki carbi mai 'ya'ya huɗu. Kowane ɗa ko yana da hula ko babu, wato fasali 16 ke nan. Cire mai huluna duka da marar hula ko ɗaya, saura 14. A 2017 suka buga cewa sun ƙera duka goma sha huɗun, kowanne da tsarinsa, ta hanyar haɗa enzayim daban-daban. Wani lokaci har juya aikin suke yi, su cika ruwan da gishirin asid ɗin nan na ruwan khal, enzayim ya koma sanya hula a daidai wurin da ya saba tuɓewa. Wannan ba wasan nuna gwaninta ba ne kawai. An daɗe ana kukan cewa kaitosan yakan yi aiki a gona ko a kan rauni yau, gobe a sayo wani ya ƙi. Ɗaya daga cikin dalilan da masana ke zato shi ne jikin shuka da na mutum suna karanta jerin hulunan ne kamar rubutu, ita kuwa soda barkatai take zubar da su. Enzayim yana ba mai aiki damar sanin abin da ya rubuta.

Inda aka kwana

Gaskiya ɗaya ce, har yanzu yawancin kaitosan da ke kasuwannin duniya na soda ne. Tsimi yana cin kwanaki a inda asid ke cin sa'o'i, kuma yakan bar ɗan sauran dutse da furotin da sai an bi da wanki mai sauƙi. Enzayim yana da tsada, kuma matsattsen kaitin bai gama miƙa wuya ba. Saboda haka masu hikima da yawa haɗawa suke yi, su bar ƙananan halittu su yi babban aikin, sinadari kaɗan ya ƙarasa. Ko a haka an rage guba, an ceci furotin da launi, an samu zare mai tsawo da inganci.

Abin da ke burge ni a wannan sana'a shi ne ladabinta. Mai yinta ba ya tilasta wa halitta. Yana koyon abin da take ci, da ɗumin da take so, da lokacin da take kan ganiyarta, sannan ya shirya mata wuri ya ja da baya yana lura. Halin mai daddawa ke nan da ta san ranar buɗe kwando, aka ƙara masa ma'auni da rubutu da maimaita gwaji.

Ɗaliban nazarin ƙananan halittu da na sinadaran rayuwa a jami'o'inmu, daga Zariya zuwa Yamai, kayan wannan aiki suna kusa da ku. Ƙafafu da fikafikan farar da masu suya ke zubarwa suna ɗauke da kaitin, kuma dutsen da ke cikinsu bai kai na kaguwa ba. Bakteriyar tsami tana cikin ƙwaryar nono, Bacillus yana cikin daddawa, masu NodB suna saiwar wake. Tumatirinmu da mangwaronmu kuma suna ruɓewa a hanyar kasuwa suna jiran abin da zai tsare su. Ku fara da kwalba ɗaya, ku auna, ku rubuta, ku maimaita. Ku kuma tambayi iyayenku mata yadda suke gane tukunyar da ta nuna, don rabin ilimin yana hannunsu.